Gashin da Aka Ciro Daga Cikin Husna

Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa. In rubuta layi biyu in goge, don ina tsoron kada dangin mijina su gani su ce na tona asirin gida, kuma ina tsoron kada in faɗi wani abu ba yadda ya faru ba in kwashi alhaki. Karatuna bai wuce firamare ba, ga ni da yawan wasu-wasi. Ko ƙofa na kulle sai na koma na ja kwaɗon na ji. Amma abin da ya sami 'yata Husna, da abin da muka yi da hannunmu kafin mu kai ta asibiti, ya fi ƙarfin in yi shiru.

Sunana Rabi. Muna haya a Jos, ta wajen hanyar Naraguta, a wani tsohon gida tun na zamanin haƙar kuza, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Baban Husna yana aikin injin tsaga katako a kasuwar Katako. Husna ce babbarmu, shekararta takwas a lokacin, yarinya mai shiru-shiru, mai gashi baƙi har kafaɗa. Talatu ce ke yi mata kitso. Talatu bazawara ce, ɗakinta na kallon namu, da kitso take ci da kanta. Duk sanda ta kama kan Husna sai ta ce, "Wannan gashi naki, kamar in cire in dasa a kaina." Mu yi dariya.

Akwai wata al'ada da na gada wurin kakata. Ba ma zubar da gashin da ya fita a mataji. Takan ce in tsuntsu ya yi sheƙa da shi ba ki rabuwa da ciwon kai, in kuma maƙiyi ya samu, ya sami hanyar shiga jikinki. Mata da yawa sun daina, ni ban daina ba. In na tsefe kaina ko na taje na yara, sai in dunƙule gashin in cusa a wani rami da ke bangon bayan ƙofarmu. In ya taru in binne. Ko sili ɗaya na gani a ƙasa sai na tsince.

Abin ya fara ne da wani ɗan fili a bayan kunnen Husna, kamar girman murfin kwalba, babu gashi. Bayan 'yan makonni ya zama biyu. Na nuna wa surukata, Inna, ta duba ta ce, "Makero ne. A aske kan duka a shafa magani." Aka kira wanzami. Husna ta yi ihu kamar za a yanka ta, babanta ya danne ƙafafunta, ni na riƙe haɓarta, aka yi mata ƙwal.

Tun kafin askin ta rage cin abinci, amma bayansa abin ya ƙaru. Loma biyu sai ta ce ta ƙoshi. Bakinta ya soma wari, wani irin wari da goge baki ba ya kashewa. Ta rame, idonta ya yi fari. Mai kemis na bakin titi ya ce tsutsar ciki ce, muka ba ta magani. Da bai yi ba ya ce taifod, aka yi allurai. Daga baya ya ce wataƙila olsa. Duk abin da ya faɗa mun saya.

Baban Husna mutum ne mai ƙoƙari a kan iyalinsa, amma yana da zafin hannu. Wata rana ya dawo da ƙurar katako a kansa ya tarar da tuwonta ba ta taɓa ba.

"Ni ina can injin zai cire min yatsu, ke kina nan kina yanga da abinci? Cinye shi!"

"Baba, ba wuri."

"Ba wuri a ina? Cikinki otal ne?"

Ya zare belt. Ta ci tana kuka, tana haɗiyewa da kyar, kafin ta miƙe ta amayar da shi duka a kan tabarma. Ya ƙara mata. Yarinyar gaskiya ta faɗa, babu wurin. Mu ne ba mu sani ba.

Ina yi mata wanka na ji wani abu mai tauri a ƙasan haƙarƙarinta na hagu. In na danna sai ya ɗan gusa. Inna ta ce saifa ce, yara da yawa na yi. Wanzamin nan ya dawo da askarsa, ya yi mata tsaga a kan wurin, jere-jere, ya kafa ƙaho ya ja jini, ya shafa baƙin magani. Aka kuma ɗura mata wani jiƙo mai ɗaci, an toshe mata hanci har sai da ta buɗe baki. Har yau tabon tsagar na nan.

A cikin wannan hali na lura gashin ramin bango yana raguwa. Da farko na ce idona ne. Sai na cusa wani sabon dunƙule na tura shi can ciki da tsinke. Kafin a kwana biyu rabinsa babu. Na kasa cin abinci. Wa ke shiga ɗakina? Me ake yi da gashina da na 'ya'yana? Na kai wa Inna maganar, don ban san wanda zan kai wa ba.

Ta ajiye carbinta. "Ke Rabi, sai yanzu kike faɗa? Gashi na ɓacewa a kan yarinya, gashi na ɓacewa a bango, dutse ya fito a ciki. Wannan ai jifa ne. Wa ke taɓa kanta?"

Na ce, "Talatu. Amma Inna, ban ga ta ɗauka ba. Wallahi ban gani ba."

"Ba ita ce ke cewa za ta cire ta dasa a kanta ba? Da kunnena na ji."

Na maimaita cewa ban gani ba. Babu wanda ya saurari wannan ɓangaren.

Ƙanin mijina, Bala, yana lodin kayan gwari a Farin Gada. Wasa muke yi da shi sosai, yakan ce ni ce matarsa ta farko. Ranar da maganar jifan ta kai kunnensa, ya shigo da abokan aikinsa da hantsi, bai ko kalle ni ba. Talatu na zaune a ƙofar ɗakinta da kan wata mata a cinyarta. Bala ya yi ƙwallo da kujerar. Suka ja ta da ƙafa zuwa tsakar gida, zaninta na kwancewa. Wani ya shiga ɗakinta ya fito da jakar kayan aikinta ya zazzage: gashin kanti da ake ƙari da shi, zare, mataji, almakashi.

"Ga shi nan! Ga gashin mutane!"

"Kayan sana'ata ne! Bala, kai ma ka sani! A kasuwa nake saye!"

Ya mare ta har bakinta ya fashe. Suka ce ta fito da abin da ta binne. Ta ce ba ta binne komai ba. Suka danne ta suka datse mata gashi da almakashinta, suna haɗawa da fata. Ɗaya ya ce hannun nan ne ke aikin, ya taka yatsunta da takalmi a kan siminti. Na ji ƙarar. Mutanen layi suka cika ƙofar gida, wasu na ɗaukar hoto da waya, wani daga baya yana cewa a kawo taya. Duk ɗan Jos ya san yadda ihu ɗaya ke zama wuta a garin nan. Mai gidan hayarmu, dattijo ne da ke tafiya da sanda, shi ya faɗa a kanta ya rufe ta da babbar rigarsa, yana cewa, "Sai dai ku ƙona mu tare, 'ya'yan banza!"

Talatu ta ɗago kai ta ƙarƙashin rigar, jini na bin fuskarta, ta ce, "Rabi, har da ke?"

Na kawar da kai. Ina juyowa na ga Husna a bakin ƙofarmu tana kallon komai. Sai ta durƙusa ta soma amai. Kore ne shar, kamar an jiƙa ganye. Cikinta ya kumbura ya yi tauri, kuma sai a lokacin na tuna kwana da kwanaki ba ta yi bayan gida ba, ko tusa. Na ɗauke ta na fita da gudu ba mayafi, na tare keke napep.

A asibiti an ce in je in yanki kati. Layi har waje. Ina riƙe da yarinya tana amai a kafaɗata, mai rubuta katin yana waya yana dariya. Wannan ban yafe ba. Wata sista ce ta hango kalar aman ta fizge ni daga layin ta kai mu emajensi. Babu gado, ta kwantar da ita a benci ta sa mata ƙarin ruwa. Da ta ɗaga rigar ta ga tsagar, ta kalle ni ta ce, "Mama, kun gama yanka ta sannan kuka kawo mana?" Na ji zafin maganar, amma ita ce ta yi ta yawo har ta samo mana gado. Allah ya saka mata.

Suka zura mata roba ta hanci har ciki. Mutum uku suka riƙe ta, tana shure-shure tana kiran sunana. Koren ruwa ya riƙa fita yana taruwa a leda. Daga nan sai aike: je ki sayo safar hannu, je ki sayo allura, wannan babu a nan sai waje. Hoton ciki a wani gini, sikanin a wani. Baban Husna ya iso, duk abin da ke hannunsa ya tafi, oganshi na Katako ya cika. Aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara. Na babanta bai dace ba. Na Bala ne ya dace. Ya kwanta ya miƙa hannu ba musu, da jinin Talatu a bakin wandonsa. Har yau ban san yadda zan ajiye waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya a zuciyata ba.

Likitar tiyatar yara mace ce, gajeriya, 'yar nan Filato, ba ta da wasa. Ta ce akwai wani babban abu da ya cika tumbin yarinyar, kuma wani ɓangarensa ya gangara ya toshe hanji. Sai an buɗe. Ta tambaye ni ko Husna na cin ƙasa, ko soso, ko gashi. Na ce a'a da ƙarfi. Ni da nake tsince sili ɗaya a ƙasa, yaya za a yi ban gani ba?

Inna ta ja ɗanta gefe. "Ba a sa wa jifa wuƙa. In suka buɗe ba za su ga komai ba, yarinya ta tafi a banza."

Likita ta ji. Ta ce, "Hajiya, hanjin da ya toshe ruɓewa yake, in ya ruɓe ya fashe. Ni ba zan yi musu da ke a kan jifa ba. Amma in kuka fita da yarinyar nan, gawa za ku kai gida."

Baban Husna ya tsaya yana kallon uwarsa, yana kallon 'yarsa. Ya naushi bango har fatar hannunsa ta sale, sannan ya karɓi biro ya sa hannu.

Ba zan iya faɗin tsawon lokacin da muka yi a bakin ɗakin tiyata ba. Na dai san na yi ta karanta abin da na iya ina ɓacewa a tsakiya ina sakewa. Da likita ta fito ta ce yarinya na da rai, an buɗe tumbi an kuma buɗe hanji, Allah ya sa bai kai ga ruɓewa ba. Sai ta ce mu zo mu gani. Wani ma'aikaci ya miƙo kwanon silba.

Warin ne ya fara dukanmu. Abin baƙi ne, mai sulɓi, ya cure ya yi tauri, ya ɗauki siffar tumbin kansa, lanƙwasasshe, tsawonsa ya kusa kamu biyu. A ƙarshensa ga wata jela siririya doguwa, ita ce ta shiga hanji. Gashi ne. Gashi zalla, da zare-zare a ciki. Inna ta yi salati ta zauna a ƙasa.

Bala ya daka tsalle. "Kun gani! Me na ce? Ga jifan nan ƙiri-ƙiri! Wallahi yau sai na ƙarasa matar nan!"

Likita ta daka masa tsawar da duk barandar ta yi tsit. "Kai, tsaya nan! Babu wanda ya jefa mata komai. Da bakinta ta haɗiye, sili-sili, wata da watanni, wataƙila shekaru. Gashi ba ya narkewa a ciki. Ko na wa ne, ba ya narkewa, taruwa yake yana kama abinci. Ba ita ce ta farko da na ciro wa ba."

"Dokta, yarinyar da aka yi wa ƙwal, a ina ta sami gashi?"

"Wannan ku za ku gaya min."

Bala bai yarda ba, ya nufi ƙofa yana zage-zage, sai da masu gadi suka riƙe shi yana, "Oga sake ni, oga sake ni." Ni kuwa maganar nan ce ta zauna min: ba ya narkewa.

Makon farko bayan aikin ya fi komai wuya. An hana ta ko ɗigon ruwa. Leɓenta ya tsage, tana cewa, "Umma, ko na alwala ne." Sai dai in jiƙa auduga in goga mata. Matar da ke jinya a gadon kusa ta ce in ba ta a ɓoye, ai likitoci tsoratarwa suke. Ban ba ta ba, na tambayi sista sau ba adadi har ta ce, "Maman Husna, ke kam da ke ce likitan da mun huta." Da ta yi tusa ta farko, sistoci suka yi mata tafi kamar ta ci jarrabawa. Aka fara da ruwa cokali-cokali, sai kunu. A mako na biyu ƙasan ɗinkin ya yi ruwa, ya soma fitar da mugunya. Suka warware zare biyu suna wankewa kullum, suna cusa bandeji a ciki. Ihun da take yi lokacin wankin, har yanzu yana kunnena.

Wata rana da rana, ɗakin ya yi shiru, ina ba ta kunu, na tambaye ta a hankali. Ta ce sai na rantse ba zan gaya wa Baba ba. Sannan ta nuna min da hannu: ta kama sili ɗaya, ta ja, ta goga tushen a leɓe, ta ciza, ta haɗiye. Ta ce tun tana aji ɗaya take yi, in malami ya yi tsawa, ko in ana faɗa a gida. Ta ce in ta yi sai ƙirjinta ya daina bugawa.

"To da aka aske ki fa?"

"Na bayan ƙofa nake ɗauka."

Na ajiye kofin don kada ya zube.

"Umma, na so in faɗa ranar da ake dukan Anti Talatu. Na ga abin da ake yi wa wanda ya ɗauka."

Da aka sallame mu, ɗakin Talatu a kulle yake. Ta koma wurin yayanta a wata unguwa. Na matsa wa Baban Husna muka je, Bala ya ƙi zuwa, Inna kuma har gobe cewa take likitoci ba su san komai a kan irin wannan ba. Talatu ta fito da ɗankwali ta rufe kai, yatsunta biyu sun ɗore a karkace. Baban Husna ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ta tambayi jikin Husna, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce ta yafe mana. Ta ɗaga hannun ta ce, "Rabi, da wannan nake cin abinci. Ki tambaye ni wata shekara." Ta shige ta ja labule. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ba zan rubuta cewa ta ce ba.

Ga iyaye, abin da zan ce kaɗan ne. In kun ga fili a kan yaro, ku zauna ku kalli hannunsa kafin ku kira wanzami. In yarinya ta ce ba wuri a cikinta, tana ramewa, bakinta na wari, ku taɓa cikin. In amai ya zama kore, ba maganar kemis ba ce, ba ta jiƙo ba ce, ku ruga asibiti. Kuma kada ku ambaci sunan kowa a kan abin da ba ku gani da ido ba.

Yanzu Husna ta koma makaranta, tana cin abinci har tana neman ƙari. Ramin bango na toshe shi da siminti, gashin gida ƙona shi nake nan take. Amma likita ta gaya min a fili cewa wuƙa ta cire gashin ne kawai, ba ta cire abin da ke sa ta ci ba, kuma in ta ci gaba zai sake taruwa, a sake buɗe ta. Ta tura mu wurin likitan da ke zama da yara yana jin damuwarsu. Baban Husna ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. Na kai ta sau ɗaya da kaina, aka ba mu wata rana mai nisa, ina nan ina lallaɓa shi kafin ranar ta zo. Inna ta ce a riƙa aske ta. Bala ya ce a shafa mata barkono a yatsu. An aske ta a da, kun ji inda ya kai mu.

Gashinta ya fito, ya kai a kama. Jiya maƙwabta suna cacar baki a tsakar gida a kan layin ruwa, murya ta yi sama. Na juya na ga hannunta ya tafi bayan kunne, yatsu biyu suna laluben sili. Ban yi tsawa ba. Na je na kama hannun na riƙe a cinyata har aka gama faɗan. Amma ba na bin ta aji, kuma ba zan iya riƙe hannun nan har ta girma ba.

Don Allah, in a cikinku akwai uwar da ɗanta ko 'yarta ta taɓa wannan hali ta daina, ko wanda shi da kansa ya yi yana yaro ya rabu da shi, ku rubuto a ƙasan wannan ku gaya min yadda aka yi. Me kuka ba hannun ya riƙe? Me kuka ce wa uban har ya yarda a ga likita? Wanda zai ce a dake ta, ya bar shawararsa, mun gwada. Cikin yarinyar nan an tsaga shi da aska, an buɗe shi da wuƙa. Ba na so a taɓa shi karo na uku.